Gida mai satifiket da sunan mamaci, ga bashin kuɗin ƙasa, ga magajiya ta taso: wa zai biya?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙasa. Wani gida ne a Kano mai satifiket ɗin gwamnati, wato C of O. Mai gidan ya rasu a 2013, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu, mata uku. Iyayensa sun riga shi rasuwa. A 2018 babban ɗan ya sayar wa baffana gidan, aka rubuta takardar ciniki a gaban mai unguwa da shaidu biyu, aka danƙa masa asalin satifiket ɗin, amma ba a canja suna ba.

Yanzu an kawo takardar neman bashin kuɗin ƙasa, wato kuɗin da mai satifiket ke biyan gwamnati duk shekara, tun daga 2009, da sunan mamacin. Kuma ɗaya daga cikin 'ya'ya matan, wadda take aure a wani gari, ta zo ta ce ba a taɓa raba gadon ba, ba da yawunta aka sayar ba. In Baffa ya biya bashin, rasit ɗin zai zame masa hujjar mallaka? In kuma ya ƙi biya sai an gama rigimar, me zai biyo baya?

Lauyan Unguwa:

Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Rasit ɗin kuɗin ƙasa ba ya mallaka wa kowa gida. Kowa ma zai iya zuwa banki ya biya a kan lambar fayil, kuma rasit ɗin da sunan wanda ke cikin fayil zai fito, wato mamacin. Iyakarsa ya ƙara ƙarfin cewa Baffa ne ke zaune a gidan yana ɗawainiya da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardun Baffa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. Sashe na 22 ya ce mai satifiket ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da sahalewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta tsaya a kan wannan tun shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Takardar mai unguwa tana da amfani: tana nuna an biya kuɗi, kuma in aka haɗa ta da zama a gidan, kotu kan ba mai saye wani haƙƙi na adalci. To amma wannan haƙƙin ba ya wuce abin da mai sayarwa ya mallaka. Riƙe asalin satifiket ma bai canja komai ba, domin a rajistar gwamnati gidan na mamaci ne har gobe.

Sai a kula da wajen kai ƙara. Rabon gado na kotun shari'ar Musulunci ne. Amma rigimar mallakar filin da gwamna ya ba satifiket, sashe na 39 ya keɓe ta ga Babbar Kotun Jiha. Mutane da yawa kan shekara suna zarya a kotun da ba ta da hurumi, a yi hukunci, a je ɗaukaka ƙara a rushe shi gaba ɗaya.

Ni a ganina kada Baffa ya zuba ko sisi, ko a bashin ko a gyaran gini, sai an zauna da magada.

Tsohon Ma'aikacin Safiyo:

Barista, na yarda da duk bayaninka ban da na ƙarshe. Barin bashin nan haɗari ne ga kowa da kowa. Biyan kuɗin ƙasa duk shekara yana cikin sharuɗɗan da aka rubuta a jikin satifiket, kuma sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke mallaka in an karya sharaɗi. Ba barazanar baki ba ce: a watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda an shekara goma ko fiye ba a biya ba. Gaskiya ne doka ta ce sai an ba da sanarwa a rubuce kafin sokewa ta tabbata, amma ina za a kai sanarwar? Adireshin da ke cikin fayil, na mutumin da ya rasu tun 2013, ko a liƙa ta a jikin gidan. In aka soke, Baffa da magadan duk sun tashi a tutar babu.

Ga yadda ya kamata a bi. A fara zuwa ofishin KANGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye a Kano, da kwafin satifiket, a cike takardar neman binciken fayil, a biya kuɗin a banki, ba a hannun wani ba. Rahoton zai nuna sunan mai mallaka, da ko an taɓa jinginar da gidan a banki, da ko wani ya riga ya sa takardar dakatarwa a fayil ɗin. Wannan na biyun ne ya fi tayar da hankali, domin akwai gidajen da ake sayarwa alhali suna jingine.

Daga nan a nemi lissafin bashin shekara bayan shekara, ba dunƙulallen adadi ba. A duba abu uku: faɗin filin da aka yi lissafi da shi ya yi daidai da na taswirar da ke manne da satifiket? An lissafa shi a matsayin gidan zama ko wurin kasuwanci? Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma buɗe shaguna a jikin katanga kan jawo a ce an sauya amfanin fili ba da izini ba. Na uku, a binciki tsofaffin rasit a kayan mamacin, don sau da yawa an biya wasu shekarun amma ba a shigar ba. Kada kuma a haɗa wannan da harajin gidaje na ƙaramar hukuma. Biyan ɗaya ba ya sauke ɗayan.

In za a biya, lauya ya rubuta wasiƙa a saka a fayil, a ba magada kwafi: wane ne ya biya, nawa, na waɗanne shekaru, kuma biyan ba ya nufin wani ɓangare ya janye da'awarsa. A ajiye takardar banki mai ɗauke da sunan Baffa a matsayin wanda ya zuba kuɗin, a haɗa ta da rasit.

Malam Na Zaure:

Allah Ya saka muku da alheri. Ta fuskar gado lissafin a fili yake. Gidan kashi 8 ne: matar mamaci tana da tumuni, kashi 1; kowane namiji kashi 2; kowace mace kashi 1. Ke nan wanda ya sayar rubu'in gidan kawai ya mallaka. Sauran kashi 6 cinikinsu yana rataye a kan yardar masu su. Wanda ya amince ya karɓi kuɗinsa, nasa ya wuce. Wanda bai amince ba, rabonsa na nan.

Don haka a fara tantance su wa suka karɓi kuɗi a 2018. Sau da yawa za ka tarar uwar da wasu 'ya'yan sun karɓa, ba a dai rubuta ba. In wannan baiwar Allah ce kaɗai ba ta sani ba, rigimar ta koma kan kashi 1 cikin 8, kuma wannan abu ne da sulhu zai iya gamawa: a kira masu ƙima biyu, a yi wa gidan kuɗi a farashin yau, a cire abin da Baffa ya ƙara na gini, a biya ta rabonta. Baffa kuma ya koma kan wanda ya sayar masa ya nemi abin da ya karɓa na kason da ba nasa ba.

Kada a dogara da hauzi, wato mallaka ta hanyar daɗewa da riƙe gida. A mazhabar Malikiyya shekara 10 ne tsakanin waɗanda ba dangi ba, kuma sai mai haƙƙi yana nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba. Wadda take wani gari ba ta san an sayar ba, ba za a ce ta yi shiru ba. Akwai ma batun shuf'a, domin abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da damar ya fanshi kason da aka sayar wa bare.

Bashin kuma ya kasu uku. Daga 2009 zuwa 2013 bashin mamaci ne, ana fitar da shi kafin rabo. Daga 2013 zuwa 2018 yana kan magada gwargwadon kasonsu. Daga 2018 zuwa yau adalci shi ne wanda ke cin moriyar gidan ya ɗauka.

Lauyan Unguwa:

Na karɓi gyaran, Yallaɓai. A biya, amma da wasiƙar nan a fayil. Bayan sulhu kuma kada a tsaya a musabaha. A je kotun shari'a a karɓo takardar rabon gado da ta ambaci gidan da lambar satifiket ɗinsa, dukkan magada shida su sa hannu a takardar mayar da mallaka ga Baffa, kowa da hotonsa da katin shaidarsa, sannan a nemi sahalewar gwamna, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista. In akwai wanda bai balaga ba a cikinsu, kotu ce za ta naɗa mai tsaya masa. Sa hannun yayansa ba zai wadatar ba.

Baban Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Na tambayi Baffa, ya ce uwar da ƙanin sun halarci cinikin amma ba su sa hannu ba, kuma shaidun biyu suna raye. Za mu fara da binciken fayil ranar Litinin in sha Allah. Barista, wasiƙar da za a saka a fayil, dole ne sai magadan sun sa hannu a kanta, ko sa hannun Baffa da lauyansa ya isa?