Biskit mai cushen nama da cuku: kwaɓin gwangwani ko kwaɓin hannu?

Maman Ilham (Filadelfiya): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da magana, kuma na san ba kowa zai yarda ba. Biskit ɗin nan mai laushi da Amurkawa ke karya kumallo da shi, idan za a cusa masa nama da cuku a gasa, kwaɓin gwangwani da ake sayarwa a firij ɗin kanti ya fi wanda mutum zai kwaɓa da hannunsa. Ba sauƙi kaɗai nake nufi ba, har kyau ya fi yi. Gwangwanin manya guda takwas ne a ciki. Ki ɓare kowanne gida biyu, ki faɗaɗa shi da yatsu, ki zuba nama da cuku, ki rufe ki matse bakin. Yana miƙewa ba ya yagewa, cukun kuma yana zama a ciki, ba ya malalewa a faranti ya ƙone.

Anti Rabi (Atlanta): Wa alaikumus salam. Maman Ilham, sauri na ba ki, amma kyau kam ban yarda ba. Nan kudancin ƙasar Amurka ne gidan biskit, kuma a hannun wata tsohuwa maƙwabciyata na koya. Ita ko kallon na gwangwani ba ta yi. Fulawarta White Lily ce, wadda aka fara niƙawa a Knoxville ta jihar Tenesi tun 1883, daga alkama mai taushi wadda ba ta da danƙo sosai. Bota kuma sai ta daskare a firiza, ta goge ta a kan fulawar da magogi, ta zuba nono mai sanyi, ta juya kaɗan ta tsaya. Idan ya shiga oben mai zafi, ruwan da ke cikin botar ya zama tururi, shi ke ɗaga kwaɓin ya rabu falle-falle. Ki ɓara shi da zafinsa ki ji ƙamshin bota. Na gwangwani kuwa ni har a harshe nake jin ɗacin sinadarin tashi bayan na haɗiye.

Maman Ilham: Anti, duk abin da kika faɗa gaskiya ne idan biskit zalla za a ci da zuma. Amma taushin nan da kike yabo shi ne matsalar. Kwaɓin da ba shi da danƙo ba ya riƙe kaya. Kina naɗe shi a kan nama zai tsage, in kuwa kika yi ta matsawa don ya rufu, zafin hannunki ya narkar da botar, falle-fallen ya tafi. Kin ga an yi biyu babu.

Fa'iza (Hustan): Ni dai tambaya gare ni, Anti. Duk lokacin da na soya naman kafin in cusa, sai ya fito a bushe bayan gashi. Me zai hana a sa shi ɗanye, tunda yankan siriri ne, ya dahu tare da kwaɓin?

Yaya Nasiru (Filadelfiya): A'a Fa'iza, kada ki yi haka. Na yi aiki a shagon sanwicin nama da cuku a nan garin, kuma a ganina duk kun bar inda gizo ke saƙa kuna ta faɗa a kan kwaɓi. Cushen ne ke gyara abin ko ya ɓata shi. Ɗanyen nama ruwa zai saki a ciki, kwaɓin ya jiƙe, waje ya yi ja ciki yana nan caɓe. Kuma ba ki da tabbacin ya dahu. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce yankan naman sa ya kai digiri 145 a ma'aunin Farenhait sannan ya huta minti 3, niƙaƙƙe kuma ya kai 160.

Ga yadda muke yi. A sayi ribay, wato naman bayan haƙarƙari mai zanen kitse a jiki. A sa shi a firiza kamar rabin awa ya ɗan ƙame, sai a yanka shi siriri-siriri, wuƙa ta gitta jijiyar naman, kada ta bi tsawonta. Kasko ya yi zafi sosai, a zuba kaɗan-kaɗan. Kina cika kasko ya daina soyuwa ya koma dahuwa cikin ruwansa, abin da ke busar miki da shi ke nan. Ki sauke da sauran ɗan ja a jikinsa, oben zai ƙarasa. Albasa a soya ta daban har ta yi laushi ta yi zaƙi. Sai ki haɗa, ki tsane man, ki bari ya huce sarai. Wannan hucewar ita ce mutane ke tsallakewa. Kowane irin kwaɓi kika ɗora wa nama mai zafi, kin kashe shi.

Asalin haɗin nan ma na garinmu ne. Pat Olivieri da ɗan'uwansa Harry ne suka fara sa soyayyen nama da albasa a burodi a kudancin Filadelfiya a farkon shekarun 1930, cuku daga baya ya shigo. Shagonsu Pat's yana nan har yau, Geno's kuma da aka buɗe a 1966 yana kallonsa a tsallaken titi. Su a dogon burodi suke sawa, biskit ɗin ƙirƙirar masu girki a gida ce.

Anti Rabi: Allah ya yi maka albarka Nasiru. To Maman Ilham, maganar yagewa ina da amsarta. Kuskuren shi ne a ɗauki kwaɓin hannu a ce za a yi masa jaka kamar na gwangwani. Ba a naɗe shi. Ga abin da nake yi: fulawa kofi 2, rabi mai taushin rabi ta yau da kullum don ya ɗan samu ƙarfi, bekin foda babban cokali 1, bekin soda rubu'in ƙaramin cokali, gishiri, bota babban cokali 6, nono kashi uku cikin huɗu na kofi. In ninka kwaɓin sau uku ko huɗu, in raba biyu, in murza kowanne ya yi faɗi. In shimfiɗa ɗaya, in jera cushen tuli-tuli da tazara, in shafa nono a tsakani, in rufa ɗayan a kai, in danna tsakanin da gefen hannu, sannan in yanka murabba'i da wuƙa mai kaifi. In mayar firij minti goma sha biyar, sai oben a digiri 425, wato wajen 220 a ma'aunin da muka saba da shi a gida. Minti ashirin ko ƙasa da haka sun yi. Hannuna bai daɗe a kansu ba balle bota ta narke.

Maman Ilham: Dabarar ta yi kyau Anti, amma gefe huɗu kika bari cuku ya nemi hanya, ni kuwa baki ɗaya ne kuma a ƙasa nake kifa shi. Sannan ina so a daina maganar na gwangwani kamar wani baƙon abu ne da bai san biskit ba. Wani mai gidan burodi a Luwibil ta jihar Kentaki, Lively Willoughby, shi ya samu lasisin ƙirƙirarsa a 1931, kamfanin Ballard ya riƙa sayarwa, Pillsbury ta sayi kamfanin a 1951. Iyayen maƙwabciyarki ma sun taso sun tarar da shi a kanti.

Hajiya Asabe (Buronks): 'Ya'yana, ina ta karantawa, ban ji wanda ya taɓo abin da ya fi damuna ba. Biskit ɗin Kudu na gargajiya da kitsen alade da yawansu ke yin sa, har yau akwai gidajen abincin da ba su daina ba. Wanda na kwaɓa da hannuna na san abin da na zuba. Wannan kaɗai ya sa na tsaya bayan Rabi.

Maman Ilham: Ranki ya daɗe Hajiya, ban taɓa saye ban juya gwangwanin na karanta ba. Doka ta tilasta musu rubuta abin da ke ciki, kuma wanda nake saye man waken soya ne da na kwakwar manja. In ma tsoron ne, ai cukun ya fi kwaɓin abin dubawa.

Yaya Nasiru: Nan ta yi gaskiya Hajiya. Cukun furobolon da muke sawa, wani ana daskarar da madararsa da abin da ake cirowa daga cikin ɗan maraƙi, har a ƙara wani sinadarin na dabba don ɗanɗano ya yi kaifi. Wani kuma na ƙwayoyin halitta ne da ba ruwansa da dabba, kuma sukan rubuta a jiki. Malamai sun yi saɓani idan dabbar ba yankan Musulunci ba ce. Imamu Abu Hanifa yana ganin tsarkinsa, Ibnu Taimiyya ma haka ya rinjayar, Malikiyya da Shafi'iyya kuwa ba su gan shi da tsarki ba. Ni dai mai tambarin halal nake nema, ko wanda aka rubuta ba na dabba ba ne, hankalina kwance.

Hajiya Asabe: To madalla, na ƙaru. Amma dai ra'ayina a kan kwaɓi yana nan.

Ummi (Kano): Anti Rabi ina wuni. Mu nan ba ma ganin na gwangwanin, don haka naku ne faɗan. Amma wannan ba mit-fai ba ne kuwa? Kuma zan iya sa wara, wato cukun nan na Fulani, a madadin cukun?

Anti Rabi: Lafiya lau ƙanwata. Ba ɗaya ba ne. Ɓawon mit-fai siriri ne mai gurgurawa, cikinsa da dankali da karas. Wannan tashi yake yi ya yi kauri da laushi, cikinsa nama ne da albasa da cuku mai narkewa. Wara ba ta narkewa, ko a mai kika jefa ta tana nan yadda take, don haka ba za ta haɗe miki naman ba. Nemi mozarela a manyan kantuna, ki ƙara gishiri kaɗan don ba ta da ƙarfin ɗanɗano. Nono kuwa ke ce da riba, wanda Fulani ke kawowa mai ɗan tsami daidai yake da abin da muke saye a nan. Abin da zai ba ki wahala zafin gari ne. Ki kwaɓa da sassafe, kwanon ma ki sa shi a firij tukuna.

Fa'iza: Ni na barbaɗa wa naman yajin ƙuli, kuma wallahi ya fi na shago daɗi.

Yaya Nasiru: A gida ba laifi. Amma kada ki saka wa yaro shi a jakar makaranta. Ƙuli gyaɗa ce, makarantu da yawa a nan sun hana shiga da ita saboda yaran da jikinsu ba ya ɗauka, wani har numfashinsa ke sarƙewa. Ko baƙi za ki ba, ki faɗa musu.

Anti Rabi: Maman Ilham, abu ɗaya nake so ki duba mini. Na gwangwani a wuta mai sauƙi ake gasa shi, wajen 350, kuma inda kika tattara bakin kika matse ya fi ko'ina kauri. Ki yanka ɗaya a tsakiya ki kalli wajen. Sau da yawa za ki ga layin kwaɓi fari mai danƙo a ƙarƙashin naman bai gasu ba. Shi ne abin da ban iya ci.

Maman Ilham: Na san layin da kike nufi Anti, kuma maganinsa a murza tsakiyar da kauri, gefen da siriri, yadda in an tattara zai zo daidai, a kuma ƙara masa minti biyar a kan abin da aka rubuta, a rufa masa takardar gashi in saman ya fara duhu. Ni aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, ina dawowa yara na shirin fita. A wannan lokacin ba zan goge bota ba. Ranar Lahadi zan gwada shimfiɗa biyun nan taki da awon da kika bayar, in yanka nawa da naki in turo hoton cikinsu kowa ya gani. Amma in cuku ya tsiyaye ta gefe, zan turo hoton farantin ma.

Anti Rabi: Turo duka. Ki dai sa cukun a tsakiyar naman, kada ya taɓa gefe, kuma ki bar tazarar yatsa guda kafin inda za ki yanka.