Faifai mai ƙara ba tare da sauti ya fashe ba: in rage ƙarfi ko in raba shi biyu?

Ɗan Garmaho: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramin injin yanka faifai, irin wanda ake ɗorawa kan na'urar juya faifai ta Technics 1200, allurar daimon, a kan faifan roba nake yanka. Wani mai sa kiɗa a biki ya kawo min waƙa takwas, huɗu a kowane gefe, gefe ɗaya minti 17, faifai mai faɗin inci 12, a gudun 33, wato zagaye 33 a minti ɗaya. Akwai kalangu, akwai algaita, ga bes, wato sauti mai kauri, na kwamfuta a ƙasa. Sharaɗinsa guda ne, ƙarar ta kamo ta faya-fayan kulob da yake da su. Waƙar farko tana fita tas. Daga ta uku "s" ɗin mawaƙin ya fara tsartuwa, a ta huɗu kuwa algaita sai ka ce ana yaga takarda. To in rage ƙarfi ya ji haushi, ko in raba aikin faifai biyu a gudun 45 kuɗi ya ninka, ko kuwa in ce ya aika Turai? Ranar Juma'a zai zo jin amsa.

Mai Sifika: Wa alaikumus salam. Canza allura kawai, ta dakushe.

Ɗan Garmaho: Sabuwa ce dal, Malam. Da dakushewa ce ai waƙar farko ma ba za ta fita ba.

Injiniya Zazzau: Ɗan'uwa, injinka lafiya lau yake, lissafi ne ya kama ka. A gudun 33, layin bakin faifai yana wucewa ƙarƙashin allura kusan santimita 50 a daƙiƙa ɗaya. Kusa da takardar tsakiya ya koma wajen 20. Sautin da ya miƙe ƙafa a waje dole ya takure a ƙasa da rabin wurin, kuma sauti mai kaifi ne ke fara shan wahala, don lanƙwasarsa tana matsewa har allurar mai saurare ta kasa bi. Ga kuma tsarin RIAA da ake yanka da shi tun 1954, yana rage bes ya ɗaga kaifi, a can ƙololuwa har kusan desibel 20 a ma'aunin ƙarfin sauti. Wato algaitar nan da ƙarfinta ya riga ya isa, an ƙara mata kafin ta kai ga allura. Ƙara kuma wuri take ci, in layi ya yi faɗin kaɗawa dole a ba shi tazara da maƙwabcinsa. Minti 17 da ƙarar kulob ba sa zama gefe ɗaya. Faya-fayan da yake kwatance da su, duba, yawanci waƙa ɗaya ce ko biyu a gefe, minti 8 zuwa 9 a gudun 45. In dole sai faifai guda, dawo da waƙar algaita farko, mai sanyi ta koma ƙarshe.

Baban Ummi: Yaro, ka ji tsoron masu "ƙara min ƙara". Ni su suka tayar min da sana'a. Wani ya kawo min aiki cike da kacau-kacau da kuge, na saita masa daidai abin da kan yanka, wato ɓangaren injin da ke riƙe allura, zai ɗauka, na nuna masa mita da idonsa. Na fita sallar la'asar faifan gwaji na juyawa, ashe yaron da ya zo da shi ya murɗa ƙarfi wai yana son ya ji. Ina dawowa ƙaurin ƙuna ya tare ni a bakin ƙofa. Kwayil na gefen hagu, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa allura, ya ƙone. Wayar cikin nan ba ta da kauri, sauti mai kaifi in ya daɗe zafi yake tarawa, shi ya sa manyan kawunan yanka na kamfanin Neumann har iskar hiliyom ake hura musu don su huce. Na aika gyara Turai, mai gyaran ya riƙe shi wata da watanni, yau ya ce waya ba ta zo ba, gobe ya ce yana hutu. Sai da na biya Yuro 900 ban da kuɗin aikawa. Mai aikin kuwa ko sannu, har cewa ya yi in mayar masa da kafin alƙalaminsa tunda ban gama ba. Ayyukan sallah duk suka wuce ni, hayar shago ta ci jarin. Yanzu injin yana ɗaki a lulluɓe, Allah ya isa tsakanina da su.

Ɗan Zango: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma 900 an cuce ka. Ni 450 aka naɗa min nawa.

Baban Ummi: Naka mono ne, mai hanyar sauti ɗaya, ko sitiriyo mai hagu da dama? Kada ka haɗa kan yanka na kamfanin Presto da abin da nake magana.

Ɗan Zango: Mono ne, amma ai waya waya ce.

Na Damagaram: Ni a Faransa an ce min ya haura Yuro 1,500 in kan yanka mai fidbak ne, wato mai daidaita motsinsa da kansa. Ku dai kowa da inda ya faɗa.

Mai Sifika: Ɗan Garmaho, ka saya wa mutumin nan amfilifaya babba ka ce kyauta ce, ya murɗa har maƙwabta su kawo ƙara wajen mai unguwa. Ga ƙara ta samu, biyu ma 😂

Yaya Asabe: Ƙanena, babu wanda ya tambaye ka abin da aka ba ka. Wane irin fayil ne? In an riga an matse shi da limita, mai danne ƙololuwar sauti, har kan igiyar sautin ya zama a yanke, ba ƙara zai ba ka a faifai ba, ƙazanta zai ƙara, kuma ita ce ke fitowa a tsakiya. Ka nemi wanda ba a matse ba. Sannan bes ɗin kwamfutar nan, mayar da duk abin da ke ƙasa da kamar hertz 150 a ma'aunin kaifin sauti ya zama mono. Bes da ya saɓa tsakanin hagu da dama sama da ƙasa yake jefa allura, layi ya yi zurfi ya yi siriri har ta yi tsalle. Sa mai danne "s" a kan murya kaɗai, kada ka dusashe waƙar duka. Kuma da wace allura kake saurare? Mai zagayayyen baki ta masu kulob tana fasa sauti a tsakiya fiye da mai siririn baki. Ni a nan Landan ina yanka wa masu sawun sistem, wato masu manyan sifikun kiɗa, duk wanda ya ce ƙara yake so, gudun 45 nake ba shi, ya fi 33 sauri da kashi 35 cikin ɗari, kaifi yana samun wurin numfashi. Ra'ayina ka raba biyu.

Injiniya Zazzau: Abin da na faɗa kenan, sai dai 150 ya yi yawa ga kalangu, za ki kashe masa faɗi.

Baban Ummi: Injiniya, da girmanka, faifai nawa ka taɓa yankawa da hannunka? Karatu daban, ƙaurin kwayil daban.

Injiniya Zazzau: Ranka ya daɗe, santimita 20 ba ta canzawa don wanda ya faɗe ta bai mallaki inji ba.

Na Damagaram: Ita ma Yaya a kan asetet, wato faifan ƙarfe mai shafe mai laushi, take yanka da allura mai zafi, shi Ɗan Garmaho roba gare shi. Ba ɗaya ba ne.

Yaya Asabe: Duka biyun nake yi, Malam. Tun da masana'antar faifan asetet ta Apollo da ke Kalifoniya ta ƙone a 2020, MDC ta Japan ta rage ita kaɗai, asetet ya yi tsadar da yawancin aikin masu kulob a roba nake yi. Fam 50 nake karɓa a inci 12.

Ɗan Zango: Fam 50? A Barlin Yuro 35 aka yi wa abokina.

Yaya Asabe: Gefe ɗaya ko biyu? Tambaye shi.

Ɗan Garmaho: Na gode ƙwarai. Yaya, fayil ɗin ta WhatsApp ya turo, mp3 ne. Ya ce sitidiyon da suka yi aikin ba za su saki na asalin ba sai ya cika musu kuɗi.

Baban Ummi: To ka gani! Wanda bai biya sitidiyo ba kai zai biya? Ka karɓi kuɗinka cif kafin allura ta taɓa faifai.

Mai Sifika: Wallahi haka suke. Wani tun bikin ƙanwarsa yake riƙe min da kuɗin hayar sifika huɗu, yarinyar har ta yi goyo. Kullum "Alhaji ya yi tafiya".

Na Damagaram: Mu nan jikka goma za a ba ka a ce sauran sai bayan girbi. Kuma su bar faifan a mota cikin rana ya lanƙwashe, su dawo su ce aikinka ne bai yi ba.

Ɗan Zango: Ni yanzu takarda nake sa su sa hannu. Duk da haka wani ya kawo min kawunsa wai a yi sulhu.

Ɗan Garmaho: Ya dai ba da rabi. Amma jama'a, in mp3 ɗin nan kaɗai za a samu, raba shi biyu zai yi amfani kuwa, ko asarar roba zan yi?

Baban Ummi: Rabin nawa ya ba ka? Kuma hannu da hannu ne ko alat ya nuna maka a waya?