Ta ina zan fara koyon harkar zuba jari a kamfanonin da ba sa kasuwar hannun jari?

Ɗalibar Akanta:
Assalamu alaikum. Na kammala digiri a fannin akanta, yanzu ina bautar ƙasa, kuma burina shi ne in yi aiki da masu tara kuɗin jama'a su sayi kaso a kamfanonin da ba a cinikin hannun jarinsu a kasuwa. Kusan duk abin da aka koya mana a kan kasuwar hannun jari ta Legas ne, inda kowa ke ganin farashi kullum. Tunda a nan babu farashi a allo, yaya ake sanin darajar kamfani, kuma ta wace hanya mai jari yake karɓo kuɗinsa?

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin lissafin daraja, ki fara sanin yadda asusun da ake tara kuɗin a cikinsa yake. Idan kin fahimci mudaraba, kin yi rabin tafiya, domin ga masu dukiya a gefe guda, irin su asusun fansho da kamfanonin inshora da hukumar IFC ta Bankin Duniya, ga kuma mai juya ta a ɗaya gefen. Masu dukiyar ba sa miƙa kuɗi gaba ɗaya. Alkawari suke ɗauka, sai an samu kamfanin da za a saya a kira kowa ya kawo kasonsa. Asusu yakan yi kimanin shekara 10, a yi saye a biyar ɗin farko, a sauran kuma a gyara kamfanonin a sayar. Bisa al'ada mai juya kuɗin yana karɓar kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusun a shekara a matsayin ladan ɗawainiya, sannan kashi 20 na riba, amma galibi sai bayan masu dukiya sun samu uwar kuɗinsu da ƙarin kashi 8 a shekara. Sai dai ba mudaraba ce zalla ba, saboda akan ci bashi mai ruwa wajen saye, kamar yadda KKR, wani kamfanin zuba jari na Amurka, ya sayi kamfanin taba da abinci RJR Nabisco a 1989 kan kusan dala biliyan 25, yawancinsu rance. Wannan ɓangaren ki zauna da malamai a kansa tun da wuri.

Mai Nazarin Jari:
Baba ya yi bayani mai kyau. Daraja kuwa ana ƙiyasta ta ne ta hanyar duba nawa aka sayi kamfanoni makamantansa idan aka gwada da ribarsu, da kuma hasashen tsabar kuɗin da zai riƙa samarwa. Mafita ita ce a sayar wa babban kamfani, kamar yadda Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Amurka, ya sayi takwaransa na Najeriya Paystack a 2020 kan sama da dala miliyan 200, ko a sayar wa wani asusun, ko a kai kamfanin kasuwar hannun jari. Abin da na fi so ki riƙe, ƙanwata, shi ne batun canji. Asusu da yawa da dala ake tara su, kamfanonin kuwa naira suke samu. A farkon Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500, don haka kamfani zai iya ninka ribarsa a naira amma mai jari ya tashi da asara.

Malama Mai Binciken Kuɗi:
Kada ki gaggauta biyan kuɗin jarrabawar CFA ta ƙwararrun masu nazarin jari, wadda matakai uku ce kuma da dala ake biya. Tana da amfani, amma masu ɗaukar aiki sun fi son ganin abin da hannunki ya iya. Ki ɗauki rahoton shekara na Dangote Cement, ki gina hasashensa na shekara 5 a Excel, ki nemi gurbi a kamfanin binciken kuɗi ko sashen banki mai ba da shawara kan sayen kamfanoni, domin ta nan yawanci ake shiga.

Ɗalibar Akanta:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara da rahoton a wannan makon, in kawo muku abin da na gina ku duba mini.