Muhawara: Blair Witch, gwaninta ce ko talla?

Baban Ummi: Jama'a, ni fa har gobe ban yarda The Blair Witch Project, fim ɗin ban tsoron nan na Amurka, fim ne mai kyau ba. Talla ce ta sayar da shi. A 1999 an yi ta yaɗawa a intanet cewa ɗalibai ukun da ke cikin fim ɗin, waɗanda suka je binciken labarin wata mayya, sun ɓace da gaske a dajin Maryland, kaset ɗinsu kawai aka tsinta. Mutane suka cika sinima don ganin abin da suka ɗauka gaskiya ne. In an cire wannan ƙaryar me ya rage? Kyamara na rawa, yarinya na kuka, majina na zuba.

Maman Hassana: Haba Baban Ummi! Fim ɗin da aka ɗauka a kwana 8 da kuɗin da bai kai dala 100,000 ba, ya tara kusan dala miliyan 250. Ƙarya kaɗai ba ta wannan aikin. Ko bayan asiri ya tonu ai ba a daina kallo ba.

Baban Ummi: Kuɗi ba shaida ba ne, Hajiya. Ba ita jarumar, Heather Donahue, aka ba kyautar Razzie ta wadda ta fi kowa rashin iya wasa ba?

Kawu Mai Rediyo: An zalunce ta ne. Masu shirin, Daniel Myrick da Eduardo Sánchez, ba su ba 'yan wasan rubutaccen zance ba. Sun sake su a daji, suna rage musu abinci, dare ya yi su zo su razana su a tanti. Gajiyar nan da faɗan da suke yi kan taswira, rabi duk na gaske ne. Kuma ko sau ɗaya ba a nuna mayyar ba. Ƙarshen ma mutum ne kawai tsaye a lungun ɗaki ya ba ka baya, zuciyarka ce ke ƙarasa sauran. A finafinanmu na aljanu kuwa sai an shafa wa mutum farar hoda an ƙara masa ƙara, yara ma dariya suke.

Ɗan Autan Zaure: Kawu, ni dai jiri ya ɗebe ni, ban kai ƙarshe ba.

Maman Hassana: To ga wanda ba shi da talla ko ta sisi. Carnival of Souls, 1962, Herk Harvey ya yi shi da kimanin dala 33,000. Mace ce ta fito daga motar da ta faɗa kogi, daga nan wani mutum mai farar fuska ya dinga binta. Da ya fito ba wanda ya kula shi. Talabijin ɗin tsakar dare ce ta raya shi, har aka maido shi sinima a 1989.

Baban Ummi: Kin taimake ni ma. Wancan ya jira shekara 27 ya ci da guminsa. Naku kuwa da ganga da kakaki ya zo.

Kawu Mai Rediyo: In suna da talla ne sirrin, me ya kayar da Blair Witch kashi na biyu a 2000? An zuba masa miliyoyi, sunan na nan da zafinsa, amma yau wa ke zancensa?

Baban Ummi: Wanda aka damfara sau ɗaya ai ba ya komawa, Kawu.

Maman Hassana: Baban Ummi, kalli Blair Witch na farkon kai kaɗai yau da dare, fitila a kashe, gobe ka zo mu ji.