Bayar da hayar gida ga masu yawon buɗe ido a Zanzibar: shawarwarin masu gidaje

Da masu gidaje a Unguja, babban tsibirin Zanzibar, suka tattauna kan wannan sana'a, bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa kuɗin ba ya shigowa duk shekara. Baƙi suna cika garuruwan bakin teku irin su Nungwi da Paje daga Yuni zuwa Oktoba, sai kuma Disamba zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, ɗakuna su zauna babu kowa. Don haka a ware wani abu daga ribar lokacin cika.

Sun fi daɗewa a kan batun gyara, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Iskar teku gishiri gare ta: makullin ƙofa ya yi tsatsa, na'urar sanyaya ɗaki ta lalace da wuri, katifa ta yi warin danshi. Dole a sami amintaccen mai kula da gida a kusa, ga tankin ruwa da janareta ko sola, saboda ɗauke wuta.

Shafukan intanet na neman masauki irin su Airbnb da Booking.com suna kawo baƙi amma suna cire kasonsu. A nemi lasisin hukumar yawon buɗe ido, a biya haraji, a kuma sanar da baƙi tun da wuri cewa mafi yawan maƙwabta Musulmi ne, su kula da sutura, musamman lokacin azumi.