Zanen da ake saya a intanet ko a ɗauki mai zane: kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa masu dizain. Wata ƙungiya ta ba ni aikin ɗan littafin wayar da kai, shafi 16, duk da zane a ciki, kuma wallahi na rasa ta inda zan ɓullo, in shiga shafukan sayar da zane irin su Shutterstock ko Freepik in kwaso wanda aka riga aka zana ne, ko in nemi mai zane ya yi mana daga tushe? Wanda ya taɓa yi don Allah ya ba mu labari.

Mai fosta:
Wa alaikumus salam. Ni dai aikina na gaggawa ne, fosta da filaya, kwastoma ya zo da safe yana so kafin yamma, ina na ga lokacin jiran mai zane? Saye nake. Abin da nake dubawa kawai fayil ɗin ya zama bekta, wato zanen da ba ya fashewa in an ƙara masa girma, irin EPS ko SVG, sai in buɗe a manhajar zane ta Illustrator in canja kala in cire abin da ba na so. In JPG ne kuwa yadda ya zo haka za ka yi haƙuri da shi, kana ƙara masa girma ya fashe.

Maman yara:
Malam mai tambaya, kafin komai, a littafin naka akwai mutum ɗaya da zai riƙa dawowa shafi bayan shafi? Don nan ne gizo ke saƙa. Na taɓa karɓar wani littafin yara da aka haɗa da zanen saye, aka ce in gyara, yarinya ɗaya ce a labarin amma a shafi na 3 kanta ƙato da idanu ɗige biyu, a shafi na 7 ta koma doguwa siririya har da gashin ido, layin wani zanen kauri na wani kamar zare, kai ka ce 'yan gida daban-daban aka tara. Ba laifin shafin da aka saya ba ne fa, masu zane daban ne suka yi su, ba wanda ya san da wani. Kuma ko ka dace da saiti guda na mai zane ɗaya, za ka samu yarinyar tana dariya, tana gudu, tana karatu, amma wurin da labarinka ke so ta tsuguna tana ɗaure takalmin ƙaninta babu shi, sai ka koma kana lanƙwasa labari don ya bi zane. Mai zane muka ɗauka daga ƙarshe.

Mai tambari:
Gaskiya Hajiya ta faɗa. Ni ta wajen lasisi zan ƙara. Wani ya kawo mini zanen zaki da ya saya wai in mayar masa logo zai yi rajista, na ce Alhaji wannan ba ya yiwuwa, lasisin Shutterstock da Adobe Stock duk sun hana a mayar da zanensu alamar kasuwanci, kuma izinin amfani kawai ka saya, gobe wani ma ya saya ya manna a nasa kayan ba ka da bakin magana. Bai ji daɗi ba amma ya fahimta. Ƙaramin lasisin Shutterstock yana kai ka kwafi 500,000 a bugu, wannan ya ishe ka ai, sai dai in za a buga a riga ko kofi don sayarwa to babban ake saya. Na kyauta a Freepik kuma sai ka ambaci sunansu.

Wata mai zane:
To bari mu ma mu sa baki tunda da mu ake, hhh. In za ka ɗauki ɗayanmu ku rubuta komai tun farko: kafin alƙalami nawa, gyara sau nawa, yaushe za a miƙa. Ka yi duk ƙorafinka a kan zanen fensir na farko, kar ka bari an gama sa kala sannan ka ce a juya fuskar ta kalli hagu, wannan sabon aiki ne yaya. Sannan mutane da yawa ba su san haƙƙin mallaka yana nan hannun mai zane ba sai in an rubuta an miƙa shi, haka ma ainihin fayil mai leya-leya, wato wanda kowane sashe na zanen yake a ware ana iya gyara shi, ba dole ba ne ya zo tare da kuɗin aikin.

Mai fosta:
Ƙanwata ku ma kuna da naku fa. Na taɓa biyan rabi, mutumin ya turo zane biyu masu kyau sai ya yi ɓatan dabo, mai firinta na ta kira, dole na cike sauran da na saye kuma kowa ya duba ya ga bambanci.

Wata mai zane:
Akwai irinsu kam, ba musu. Shi ya sa ake biya mataki-mataki, kuma a tambayi wanda ya taɓa ba shi aiki, ba hotunan Instagram kawai ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Uwa da ɗanta ne ke fitowa kusan kowane shafi, don haka su kam mai zane zan ba, ƙananan alamomi irin su agogo da kibiya in saya. Malama mai zane, in na ce gyara sau biyu a kowane shafi ya yi ko na cika son kai?