Waya ɗaya gare ni, yara 74 a aji: ya zan yi?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Ni ɗaliba ce a makarantar horon malamai nan Damagaram, yanzu ina staj, wato gwajin koyarwa, a wata lakwal ta hanyar Mirriya, ajin CE1 (aji uku na firamare). Ranar Talata darasinmu a kan kogi ne. Yaran nan ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki ba, sai na ɗauko bidiyon kogin Kwara a gadar Kennedy ta Yamai, na ɗaga wayata. Wallahi kafin in ƙifta ido sun tashi daga kan tabarmi sun rufe ni, ana ture-ture, wata ƙarama ta faɗi ardonta, wato ɗan allon rubutunta, ya tsage. Na baya ba su ga komai ba. Mushen ajin, wato malaminsu, ya ce in mayar da wayar jaka. Raina ya sosu, don na ga yadda idon waɗanda suka gani ya buɗe. In haƙura da wayar ne, ko akwai dabara?

Tsohon darakta, Birni: Wa alaikis salam ƴata. Mushenki bai yi laifi ba. Ƙasar nan ta fara koyarwa da talabijin tun 1964, akwatin yana gaban aji, amma sai da malami a gefensa yana tsayar da yara yana tambayarsu. Ki fara mallakar ajinki tukuna. Ki riƙe dabarar nan ta La Martinière da kyau: ki yi tambaya, ki buga tebur su rubuta, ki sake bugawa su ɗaga ardo. A minti ɗaya kin ga amsar yaro 74. Wace waya za ta yi miki haka?

Malama, Matamai: Ƙanwata kada ki jefar da wayar, wurin amfaninta za ki sauya. Fuskar waya ta mutum uku ce, murya kuwa ta aji duka ce. Ni ƙaramar rediyo mai katin memwa nake shiga da ita, irin wadda ake sayarwa a kasuwar Dole. Da dare in naɗi karatun da muryata a tsanake, da safe in kunna, hannuna biyu a sake ina nuna kalmomi a tablo. Na taɓa naɗo kakar wani ɗan ajina tana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ranar ko tari ba wanda ya yi, kuma daga nan muka ciro kalmomin rubutu na sati guda. Hoto kuma, ki kasa su rukuni-rukuni, ki zaga da shi kina riƙe da wayar, sauran suna kwafe abin da ke tablo.

Mushe, Tanut: Ki sauke komai tun kina gari, ƙauye ba a dogara da rezo. Ku yi ta tura wa juna ta Bluetooth ke da abokan karatunki, kada kowa ya ƙona kuɗin forfe na intanet a kan abu ɗaya. Ki nemi ɗan faifan sola saboda caji. Kuma don Allah kada ki ɗauki hoton ɗiyan mutane ki sa a WhatsApp ba da sanin iyayensu ba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba darakta na ji. Yaya ta Matamai, ranar Alhamis ina da karatu, zan nemi izinin mushe in gwada rediyon. Muryar kaka fa, iyayen yaron kika fara tambaya ko darakta?